Baƙin Mai a Kan Intalok ɗin Hajiya

Shekara uku motar babana tana yoyon baƙin mai, kuma a shekara ukun nan babu mutum ɗaya a gidanmu da ya taɓa durƙusawa ya nemi inda man yake fitowa. Abin da muka fi iyawa a ƙasar nan shi aka yi. Aka samo kwali aka shimfiɗa mata a ƙasa. Da kwalin ya jiƙe, aka kawo tsohon faranti aka cika shi da yashi. Da farantin ya cika, aka ce Allah ya kyauta. Haka muke. Rufi ya yi yoyo, mu tara bokiti. Titi ya fashe, mu koyi kauce wa ramin, har mu riƙa yi wa baƙo kwatance da shi. Ni wannan halin ya fi talauci ƙona mini rai.

Ni ce Vera, 'yar Baba Siman ta fari. Na gama karatun injinan noma, ina zaune a gida ina jiran takardar bautar ƙasa. Muna haya a Angwan Iya, a gidan Hajiya Zubaidatu, tun kafin tsadar haya a Abuja ta koro rabin ma'aikatan gwamnati zuwa Keffi. Baba yana aiki a wani ofishi a Abuja, saura shekara biyu ya yi ritaya, amma gwiwarsa ta dama ta riga shi ajiye aiki. Kullum shida saura yakan tayar da motar, wadda muke kira Mai Haƙuri, ya ɗauki mutum biyu. Ɗaya ita ce Hajiya, tana sauka a Mararaba inda take da shagon atamfa. Ɗayan Malam Zakka ne na ɗakin bakin ƙofa, yana koyarwa a wata firamare a Nyanya.

Baba ba ya karɓar ko sisi a hannunsu. "Maƙwabci ba fasinja ba ne," in ji shi. Akwai ranar da Malam Zakka ya cusa kuɗi a ƙarƙashin kujera ya fita. Baba ya sa su a ambulan ya miƙa masa a ƙofar coci a gaban mutane, ya kuma yi sati bai amsa gaisuwarsa ba. Hajiya ta taɓa aiko mana da kwanon shinkafa biyar, Baba ya mayar mata da doya goma. Daga nan kowa ya kama kansa.

Rigimar ta fara ne da intalok. Abubakar Sadiq, babban ɗan Hajiya, ya samu buɗi a Abuja, ya turo ma'aikata suka shimfiɗe tsakar gidan da ƙananan bulon nan masu shiga juna, ja da ruwan toka. Gida ya yi kyau, ban musa ba. Sati biyu da gamawa aka sheƙa ruwa, farantin yashi ya tumbatsa, baƙin mai ya bi ruwa ya yi zane har bakin rijiya. An goge da garin sabulu ya fita, amma kafin a goge wani mai son a sani ya riga ya tura hoto Abuja.

Ranar Lahadi da muka dawo daga coci, Hajiya ta same mu a baranda, waya a hannu.

"Baban Vera, kada ka ga laifina," ta ce. "Yaron nan ya ce Asabar yana nan tafe. Wai in ya ga ɗigo ɗaya, mota ta koma kwana a waje. Faranti ma ba ya son gani."

Baba ya daɗe yana kallon Mai Haƙuri. A layinmu an cire batirin mota biyu a wata guda, ta ukun kuma an wayi gari an same ta zaune a kan duwatsu babu taya.

"Ba zan bar ta a titi a cinye ta gaɓa-gaɓa ba," ya ce. "In har Asabar ba ta daina ba, ni da kaina zan kira 'yan gwangwan su auna ta."

Na san ba wasa yake ba. Na kuma san ma'anar hakan: dattijo mai ciwon gwiwa yana kokawar shiga bas kowace asuba har shekara biyu.

"Gobe zan kai wa Godfrey bakanike," in ji Baba.

"Sau nawa ka kai masa?"

"Uku. Ko huɗu."

"Ta daina?"

"Takan yi sati ɗaya shiru."

"To, Baba, ba ni makulli."

Baba sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. "Uwata, mota ba tarakta ba ce."

"Inji dai inji ne. Shekara huɗu ka biya mini makaranta, amma in an zo kan noti ɗaya sai a nemi wanda bai taɓa buɗe littafi ba, a biya shi, a dawo gida a ci gaba da tara faranti. Yaushe za mu fara taɓa kayanmu da hannunmu?"

Malam Zakka ya leƙo daga ɗakinsa. "Oga Siman, ba ta. In ta ɓata, ai dama a ɓace take."

Baba ya miƙo makullin kamar mai ba da 'ya aure.

Ranar Litinin suka bar mini motar suka tafi tasha. Buɗe bonet ɗin Mai Haƙuri ba ya bukatar ilimi, don maƙalarsa ta karye tuntuni, da igiyar roba ake ɗaure shi. Na wanke injin tas, na tayar da shi, na tsaya ina kallo. Can sai ga mai yana tsattsafowa ta gefen murfin sama. Gaskit, na ce a raina, robar da take tsakanin murfi da inji ta mutu. Na ji daɗi har na yi wa kaina kirari. Matsala ɗaya, a gidanmu babu sufana sai ta keke.

Garejin Oga Godfrey yana ƙarƙashin wani mangwaro a hanyar Jigwada. Mutum ne gajere mai faɗi, rigar aikinsa ta sha mai har za ta iya tsayuwa da kanta. Ya saurari bayanina yana ɓare gyaɗa.

"A'a, Injiniya da kanta! Wato yau an kore ni."

"Aron sufana na zo, Oga, mai lamba goma. Gaskit kuma saye zan yi."

Ya kawo su ya ajiye a kan benci. "Kin duba geji?"

Geji shi ne siririn ƙarfen nan da ake zarowa daga inji a ga iyakar inda mai ya kai. Na Mai Haƙuri ya ɓata shekara uku da suka wuce, Baba ya fere totuwar masara ya toshe ramin da ita. Kunya ta hana ni faɗi.

"Motar da take yoyo kowa ya san man ciki ya yi kaɗan," na ce. "Wane geji kuma?"

"To, Injiniya. Allah ya ba da sa'a. Ki dawo mini da sufanata, ita kaɗai ce ba ta da kishiya a garejin nan."

Aikin ya ci mini wuni guda da fatar yatsu biyu. Na kwance notuna takwas na jera su a kan murfin tukunya don kada su ɓace. Tsohuwar robar ta bushe, tana karyewa kamar ƙanzo. Na kankare wurin, na sa sabuwa, na ɗaure notunan bi da bi yadda aka koya mana, ba da ƙarfin tsiya ba. Da na gama na goge injin har yana ƙyalli. Na ɗauke farantin yashi da hannuna na jefar da shi bayan gida, na shimfiɗa kwali sabo don shaida.

Da magariba matafiya suka dawo. Hajiya ta shigo mayafinta a karkace, ta ce wata mata ta ɗora mata kwandon kaji a cinya tun daga Masaka. Malam Zakka ya rasa maɓallin riga biyu. Baba ya shigo yana ɗingishi. Ya zauna a bakin baranda ya naɗe wando, gwiwar ta kumbura kamar gwanda. Mama ta kawo ruwan zafi da tsumma. Na tsaya ina kallonsa, kirarin da na yi wa kaina da rana ya sauka daga kaina.

Talata mota ta je Abuja ta dawo. Laraba da safe na fito da murmushina na jawo kwalin. Ya jiƙe sharkaf, tabon ya kai faɗin faifai, ya ninka na da. Da Baba ya tayar da ita kuwa, wani shuɗin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida har kajin Hajiya suka watse.

"Injiniya ta ƙara mata gudu," in ji Malam Zakka, yana fifita fuska da littafin darasi. "Akwai wani mutum a Gitata, sabulu yake kwaɓawa da sukari ya liƙe wurin. Motarsa har Jos take zuwa."

"Tsufa ne, 'yar nan," in ji Hajiya. "Ni ma idona ruwa yake yi, kuma babu gaskit ɗin da za a canja mini."

Sabulu da sukari! A cikin ƙarni na ashirin da ɗaya, tafiyar awa ɗaya daga babban birnin ƙasa, malamin makaranta yana ba ni shawarar in haɗa wa inji shayi. Na buɗe baki zan yi magana, sai idona ya faɗa kan kwalin da yake hannuna. Na rufe bakina.

Da suka dawo da yamma na shiga ƙarƙashinta da tocila. Gaskit ɗina a bushe yake, ko ɗigo babu. Man yana fitowa ta wurare uku da ban taɓa ba, har da gefen totuwar masarar Baba. Kamar inji ne yake amai ta duk ƙofar da ya samu.

Saura kwana biyu. Ranar Alhamis na roƙi Baba ya sake bar mini ita. Ya dubi gwiwarsa, ya dube ni, ya ajiye makulli a kan tebur ya ɗauki sandarsa. Wannan ajiyewar ta fi zagi zafi.

Na koma gindin mangwaro, sufana a hannu.

"Ta daina?" in ji Oga Godfrey.

"Ta ƙaru."

"Kin duba geji?"

"Babu geji, Oga. Totuwa ce a wurin."

Ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. "Na sani mana! Sau huɗu ina ce wa babanki ya sayi geji, sai ya ce, 'Godfrey, mu lallaɓa haka nan.' Ni kuma duk zuwan da ya yi, in juye man ciki a rami, in zuba lita huɗu daidai, in liƙe inda na gani. Sati ɗaya lafiya lau. Sati na biyu ta fara kuka. Na ce da shi, Oga, anya ba ka cika mata ciki? Ya ce gwangwanin madara ɗaya tak yake ƙara mata da safe."

"Kai kuma ba ka taɓa auna wanda kake juyewa ba?"

Ya sosa ƙeya. "Wa yake auna tsohon mai, Injiniya?"

Ga shi nan dai. Shi bai auna ba, Baba bai auna ba, ni mai takarda ma ban auna ba.

Ya ratsa bayan gareji inda gawar wata mota irin tamu take kwance ciyawa ta fito ta tagoginta, ya zaro geji ya goge a rigarsa. "Mu je in duba miki."

"A'a. Ni na fara."

"To, biya kuɗin geji. Da kuɗin tambaya."

"Wace tambaya?"

"Wadda na yi miki ranar Litinin kyauta kika ƙi karɓa. Yau ta yi tsada."

Na biya, ban yi ciniki ba, na sake aron sufanar.

A gida na cire totuwar na jefa wa awaki, na zura geji na zaro. Akwai zane biyu a jikinsa, na ƙasa da na sama. Man ya wuce na sama da tsawon ɗan yatsa. Na goge na sake, haka dai. Ashe Mai Haƙuri ba yunwa take ji ba, ƙoshi ne yake neman kashe ta. In mai ya yi wa inji yawa, dole ya nemi hanyar fita, ya tura roba, ya bi ta hayaƙi, ya bi ta ko'ina.

Na yanke shawarar juye shi gaba ɗaya in auna. Littafi ya ce injin lita huɗu yake ci, don haka na ɗauko tsohuwar robar wanke-wanken Mama mai cin lita huɗu da 'yan kai. A nan ne ilimina ya tafi hutu. Ni da na gama ganin man ya yi yawa da idona, ni ce kuma na kawo mazubi daidai da littafi. Na kwanta, na kwance notin ƙasa, mai ya zubo baƙi ƙirin. Roba ta kai rabi, ta kai wuya, man bai ko rage gudu ba. Na yi wuf zan mayar da noti, ya sulɓe daga yatsuna ya nutse cikin robar. Kafin in lalubo shi, baƙin mai ya malale a kan intalok ɗin Abubakar Sadiq, yana bin tsagin bulo yana shiga kamar an gayyace shi.

Na ƙirga, bulo goma sha ɗaya. Na zuba yashi, na zuba toka, na goga garin sabulu har hannuna ya yi fari. Wannan karon ba ruwan sama ne ya ɗebo shi sama-sama ba, bulon ya sha ya ƙoshi. Na juye robar na sake tarawa har man ya ƙare. Abin da na tsira da shi ya cika galan mai lita huɗu da gorar ruwa biyu, ban da rabon ƙasa. Na zuba sabon mai lita huɗu cif, geji ya nuna daidai, na gyara tsayuwar motar ta rufe ɓarnata.

Sai na zauna ina lissafi. Gwangwanin madara ɗaya a rana ba zai kai inji nan ba, alhali yana zubarwa. Akwai dai wani hannu. Na ciro sarƙa da kwaɗon da muke ɗaure janareta, na cire igiyar robar bonet, na datse shi. Da yamma na ce wa Baba kada ya ƙara mata ko ɗigo, ya ce to.

Da kiran assalatu na Juma'a na shiga kujerar baya na kwanta, na bar gilashi a ɗan buɗe.

Wanda ya fara fitowa Malam Zakka ne, da singileti da zane a ɗaure, yana tafiya a kan yatsun ƙafa, gorar lemo cike da baƙin mai a hammatarsa. Ya laluba inda igiya take, ya ci karo da kwaɗo. Ya ja, ya sake ja, ya tsuke baki. Sai ƙofar Hajiya ta yi ƙara. Malam Zakka ya yi tsalle ɗaya ya ɓuya bayan tankin ruwa.

Hajiya ta fito da hijabin sallarta, carbi a hannun dama, hagu a ɓoye. Ta duba gabas ta duba yamma, ta fito da kofin silba cike taf. Ta taɓa kwaɗon. "Ikon Allah," ta ce a hankali. "Yau kuma mota aka yi wa kulle?"

Tana cikin jijjiga sarƙar ƙofarmu ta buɗe. Ga Baba, tawul a wuya, gwangwanin madara a hannu. Baban da ya ce mini to.

Suka yi cirko-cirko.

"Hajiya, lafiya? Mene ne a kofin?"

"Kunu ne."

"Baƙi?"

Bayan tanki aka yi tari. Malam Zakka ya fito yana gyara zane, gorarsa a bayansa, wutsiyarta a waje.

Na buɗe ƙofar mota na sauko. "Ina kwananku? Baba, Hajiya, Malam. Kowa ya ajiye abin hannunsa a nan."

Suka jera su a kan bonet kamar kayan shaida a kotu: gwangwani, kofi, gora.

Malam Zakka ne ya fara. "Oga Siman, ka yi haƙuri. Na ga kana sayen mai kullum, kuɗi kuma ka hana a ba ka. Na ce to bari in taimaki motar, ita ba ta da ambulan."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan maganar coci."

"Ni tun ranar doya," in ji Hajiya. "Kuma da na ga yoyon yana ƙaruwa na bar ƙaramin kofi na koma babba. Ranar Talata biyu na zuba, don na ce yarinya ta buɗe inji, ai ta zubar da rabi."

"Ni ma biyu," in ji Malam Zakka.

Baba ya dubi gwangwaninsa. "Ni uku."

Sai kuma abin ya dawo masa. Ya miƙe wuya. "Wato shekara uku kuna biyana a ɓoye! A gidan da nake kwana!"

"Wa ya biya ka?" in ji Hajiya. "Kai ka ce maƙwabci ba fasinja ba ne. Ba ka ce mota ba ta da ciki ba. Ita muka ba."

Nan na samu filin da nake nema tun Lahadi. Na zaro gejin na ɗaga shi sama. Na ce wannan ɗan ƙarfen bai kai farashin gwangwani uku na mai ba. Na ce mutum uku masu hankali, da ma'aikacin gwamnati da malami da 'yar kasuwa, sun shekara uku suna ɗura wa inji abin da bai nema ba, kowa yana ganin kirki yake yi, babu wanda ya tsaya ya auna, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Na ce in yoyo ya ƙaru sai mu ƙara zubawa, haka muke yi wa mota, haka muke yi wa komai. Ina jin na kai kan maganar magudanun ruwan unguwa lokacin da na lura Hajiya ba ni take kallo ba. Gari ya fara haske, ta sunkuya tana leƙen ƙarƙashin mota.

"'Yar nan, matsa da motar nan baya."

Babu yadda zan yi. Na matsa da ita.

Tabon ya fito fili, baƙi, mai faɗi kamar tabarmar sallah.

"Wannan kuma kofin wa ya yi shi?" in ji Hajiya.

"Robar ce ta yi kaɗan," na ce.

"Ba ki auna ba?" in ji Baba, a hankali, yana jin daɗin kowace kalma.

Malam Zakka ya yi dariya har ya riƙe tanki.

Ranar dai mota ta je Abuja da lita huɗu a cikinta, kwaɗo a bonet, makullin kwaɗon a wuyana. Baba ya ce tun daga Uke ya lura tana hawa tudu ba nishi, hayaƙin ma ya ragu. Da ta dawo na shimfiɗa mata farar takarda a ƙasa na danne da duwatsu. Asabar da sassafe na jawo ta. Tururuwa biyu ne a kai, sai sawun kaza.

Saura bulo goma sha ɗaya. Ni na yi niyyar in tari Abubakar Sadiq in faɗa masa gaskiya, amma Hajiya ta ɗaure ɗankwali ta ce ita ta haife shi, ba shi ya haife ta ba. Ashe ma'aikata sun bar ragowar bulo bakwai a bayan banɗaki. Sauran huɗun ta sa aka ciro daga ƙarƙashin tankin ruwa, inda ido ba ya kaiwa, aka mayar da masu tabo can. Ni da sufanar Oga Godfrey ina ɓanɓarowa, Malam Zakka yana jerawa, Baba a kan kujera 'yar tsugune yana buga su da taɓarya, Hajiya tana tsaye tana ba da umarni tana share yashi cikin tsagi. Ban taɓa ganin aikin gayya mai sauri irin wannan ba. Ashe mun iya gyara, in dai kunya ce ta taso mu.

Wajen azahar Abubakar Sadiq ya iso cikin wata doguwar mota baƙa, shaddarsa tana ƙara. Ya gaida mahaifiyarsa, ya gaida Baba da ladabi, sannan ya tattare riga ya tsuguna a gefen Mai Haƙuri. Ya leƙa ta gaba, ya zagaya ya leƙa ta baya. Ya shafa ƙasa ya dubi yatsansa.

"Baba, an gyara ke nan. Wane bakanike ne?"

"Uwata ce," in ji Baba. "Da Godfrey. Da mu duka, kowa da irin gudummawarsa."

"Madalla. Ta ci gaba da kwana a ciki." Ya miƙe, sai ya tsaya yana kallon ƙasa. "Hajiya, me ya sa jajaye uku suka jeru a nan? Ba haka zanen yake ba."

"Da ka tsaya a kan aikinka da ka sani," in ji Hajiya. "Mutum yana Abuja yana shimfiɗa bulo ta waya. Wuce ka ci abinci."

Ya wuce.

Baba ya sauke numfashi ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya yi gyaran murya, bai dubi kowa ba. "Ranar Litinin in mun tsaya shan fetur, ni zan zagaya in duba tayar baya. Abin da ya faru tsakanin mutum da mai gidan mai a bayan idona, ban sani ba."

"Tayar baya tana bukatar dubawa sosai," in ji Malam Zakka. "A riƙa duba ta duk Litinin."

Ban so tsarin ba, don har yanzu zagaye-zagaye ne maimakon a zauna a yi magana a fili. Amma tankin fetur in ya cika famfo yakan tsaya da kansa, don haka na ƙyale su.

Ina tattara kayan aiki in mayar wa Oga Godfrey sai na ga Hajiya ta tsaya a gaban motar ɗanta, ta karkata kai. Wani abu yana ɗiga daga ƙarƙashinta, ɗis, ɗis, a kan intalok. Ruwan na'urar sanyaya mota ne, fari tas, kowace mota mai sanyi tana yi.

"Oh, ni Zubaidatu," ta ce. "Ita ma yoyo take. Yaron nan ba ya kula da kayansa."

Ta juya ta nufi ɗakinta da sauri. Na san inda kofin silba yake. Na yar da sufana na bi ta da gudu.